Daƙiƙa ɗayar da Alabama ta roƙa ita ta kayar da ita

Duk sanda masoya ƙwallon Amurka na jami'o'i suka zauna musun wace bajinta ce ta fi kowacce a tarihi, sai ka ji an ambaci jifan Doug Flutie na 1984, wanda ya ba Boston College nasara a kan Miami da ci 47 da 45. Wasu kuma su ce babu kamar abin da ya faru a 1982, da 'yan California suka miƙa wa juna ƙwallo sau biyar har Kevin Moen ya kutsa cikin makaɗan abokan karawarsu Stanford da suka riga suka shigo fili suna murna.

Ni dai zaɓina na Auburn da Alabama ne, ranar 30 ga Nuwamba 2013.

Flutie ya wurga ne ya bar wa Allah sauran. Na California kuwa har yau ana gardama kan halaccin wasu miƙe-miƙen. Amma na Auburn da lissafi aka yi shi. Ana kunnen doki 28 da 28, lokaci ya ƙare, sai kocin Alabama Nick Saban ya nemi a duba hoton bidiyo, aka mayar musu da daƙiƙa ɗaya. Suka zaɓi bugun ƙafa daga yadi 57, wato a buga ƙwallo ta bi tsakanin turaku don samun maki. Auburn ta tsayar da ɗan wasanta Chris Davis can ƙarshen fili, don an san irin wannan bugu mai nisa yakan gaza. Ya kuwa gaza. Davis ya cafe, ya bi gefen layi da gudu har yadi 109 ya ci maki, alhali waɗanda Alabama ta zuba a fili ƙarti ne masu tare gaba, ba masu tsere ba. Ina za su kamo shi? Aka tashi 34 da 28.

Masu goyon bayan ɗan wasan Texas Vince Young za su ce gudunsa na 2006, da Texas ta doke USC 41 da 38, kofi ya ciwo. Gaskiya ne, kuma ina ganin girmansa. Sai dai kowa a filin nan ya san Young zai iya rugawa. Na Davis kuwa ya ba mutane mamaki, ya kayar da Alabama, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa sau biyu a jere, ta zo tana neman na uku, ta rasa shi a daren.