Ba don yara Anna Sewell ta rubuta littafin ba

Malam marubuci, Allah ya saka da alheri, amma ina da ɗan gyara. Ka ce Anna Sewell, marubuciya 'yar Ingila, ta rubuta littafin Black Beauty, labarin rayuwar wani doki, domin yara ne. A'a. Masu aiki da dawakai take wa magana, direbobin keken doki da barorin barga na Ingila, don su tausaya wa dabbar da ke ciyar da su.

Baiwar Allahn nan tun tana 'yar shekara 14 ta ji rauni a idon sawunta, tafiya ta zame mata wahala har ƙarshen rayuwarta, sai a keken doki. Shi ya sa ta san doki ciki da bai. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne wata igiyar fata da attajirai ke ɗaurawa daga linzami zuwa gadon bayan doki, kansa ya tsaya cak a ɗage, wai don ƙawa. Doki na jan kaya a hawa, ba halin ya sunkuyar da wuya.

Tana kwance rashin lafiya ta gama littafin, wani lokaci mahaifiyarta ce ke rubuta mata. Ya fito a Nuwamba 1877, ta rasu a Afrilu 1878, wata biyar kacal.

Ina karantawa sai jakin mai yashin unguwarmu ya faɗo mini a rai, gyambo a bayansa ƙudaje na bi, kullum da mangala a kai.