Bosawan fim sun tara wa Marvel da DC biliyoyi, su kuma waɗanda suka ƙirƙire su fa?

Duk wanda ya kalli Avengers: Infinity War ya san fim ɗin na Thanos ne, shi bos ɗin shi labarin yake bi tun daga farko har inda ya samu wuri ya zauna bayan ya shafe rabin halitta, su Iron Man da Captain America duk a bayansa suke gudu. Fim ɗin ya fito a 2018 ya tara sama da dala biliyan 2, na bayansa Endgame a 2019 ya kusa biliyan 2.8. To mutumin da ya fara zana Thanos sunansa Jim Starlin, a 1973 ya fito da shi cikin littafin komik na Iron Man mai lamba 55, kuma a farkon 2017 ya hau Facebook ya faɗi maganar da ya kamata ta ba kamfanin Marvel kunya. Ya ce kuɗin da kamfanin DC ya turo masa saboda wani ƙaramin mugu da ya ƙirƙira mai suna KGBeast, wanda aka ɗan saka a Batman v Superman har mutane da yawa ba su ma lura da shi ba, ya fi duk abin da ya samu a kan fitowar Thanos da Gamora da Drax, waɗanda duk da hannunsa aka ƙirƙire su, a finafinai in an haɗa su gaba ɗaya. Daga baya dai ya ce an sake zama an gyara masa, amma ai sai da ya yi ƙorafi duniya ta ji tukuna.

Ni a ganina wannan zalunci ne, ko da doka ta yarda da shi. Kuma bosawan na zaɓa in yi magana a kansu saboda su ne gishirin waɗannan finafinan, jarumi kusan kullum iri ɗaya ne, mutumin kirki ne mai ƙarfi zai sha wuya ya yi nasara, abin da yake sa ka tuna fim bayan shekara goma shi ne wa ya ba shi wuyar kuma me ya sa.

Asalin matsalar tsohuwa ce. Tun daga shekarun 1930 kamfanonin komik na Amurka aikin jinga suke ba marubuta da masu zane, a biya ka kuɗin shafi, ka karɓa ka tafi, duk abin da ka ƙirƙira a shafin nan ya zama na kamfani har abada. Jerry Siegel da Joe Shuster a 1938 suka sayar da Superman kan dala 130, su ne kuma suka ƙirƙiri babban abokin gabarsa Lex Luthor a 1940, amma sai a 1975, bayan sun tsufa cikin talauci Shuster idonsa ya kusa mutuwa, sannan kamfanin Warner mai mallakar DC ya yanka musu fansho na dala 20,000 a shekara ya kuma dawo da sunansu a kan aikinsu, shi ma don abokan sana'arsu irin su Neal Adams da Jerry Robinson sun tayar da ƙura a jaridu ne ana dab da yin fim ɗin Superman.

Wanda labarinsa ya fi taɓa min zuciya shi ne Bill Finger. Shekara da shekaru duk littafi ko fim na Batman suna ɗaya za ka gani, Bob Kane, saboda shi ne ya je ya sa hannu da kamfani a kan cewa shi kaɗai ne mai shi. Alhali Finger ne ya ba da shawarar hular nan mai kunnuwa da mayafin, shi ya raɗa sunan Bruce Wayne, shi ya raɗa wa garin suna Gotham, shi ne kuma ya rubuta labarin farko na Joker da ya fito a 1940, har ya kawo hoton ɗan wasan Jamus Conrad Veidt daga wani fim na 1928 mai suna The Man Who Laughs, mutum ne da aka yanka masa baki ya zama kullum kamar dariya yake, daga nan fuskar Joker ta samo asali. Jerry Robinson wanda a lokacin matashi ne mai taimaka wa Kane da zane shi ma ya ce tunaninsa ne, ya zana katin karta mai hoton joka, kuma har suka mutu ba su daidaita a kan wa ya fara ba, amma dai babu mai musun cewa da hannun Finger dumu-dumu a ciki. Haka Penguin, haka Catwoman, haka Riddler.

Mutumin nan ya rasu a 1974 shi kaɗai a ɗakinsa a New York ba shi da komai. Shi kansa Kane a littafin tarihin rayuwarsa na 1989 ya amsa cewa Finger bai samu yabon da ya cancanta ba, to amma me amfanin wannan ga wanda ya shekara 15 a ƙasa? Sai a 2015 DC suka yarda su fara sa sunansa, bayan wani marubuci ya yi ta bincike shekaru kuma jikar Finger ta tsaya tsayin daka. A tsakanin nan Jack Nicholson ya fito a Joker a 1989 ya kwashi miliyoyi, Heath Ledger ya fito a The Dark Knight a 2008 aka ba shi Oscar bayan rasuwarsa, daga baya kuma Joaquin Phoenix ya ci tasa Oscar ɗin da fim ɗin Joker na 2019 wanda ya haura dala biliyan 1. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Yanzu akwai masu kare kamfanonin, kuma tsakani da Allah ba duk maganarsu ce shirme ba. Suna cewa ai ba a ɗaura wa kowa bindiga ba, sun ga takarda sun sa hannu, kamfani ne ya zuba kuɗin bugawa da talla ya ɗauki asarar ɗaruruwan bosawan da ba su karɓu ba waɗanda babu mai tuna su yau. Suna kuma cewa, wannan ce ma hujjarsu mafi ƙarfi, bos ɗin da muke gani a fim ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ɗauki Magneto. Stan Lee da Jack Kirby suka fito da shi a 1963 a matsayin mugu kawai mai son mulkin duniya, babu wani dalili mai zurfi, sai da Chris Claremont ya zo a 1981 ya mayar da shi mutumin da ya tsira daga sansanin kisan 'yan Nazi yana yaro, wanda ya ga abin da ake yi wa marasa rinjaye ya yi rantsuwa ba za a sake yi wa nasa ba, shi ya sa fim ɗin X-Men na 2000 ya buɗe da yaro a Poland a 1944 ana raba shi da iyayensa yana lanƙwasa ƙofar ƙarfe. To wa ya ƙirƙiri Magneto ɗin da mutane suke so, Lee da Kirby ko Claremont?

Haka Killmonger. Don McGregor da mai zane Rich Buckler suka ƙirƙire shi a 1973 a wani littafi mai suna Jungle Action, wanda kafin nan tsofaffin labaran Turawa a dajin Afirka ake maimaita bugawa a ciki, McGregor ya zo ya mayar da shi labarin 'yan Wakanda zalla kusan babu Bature ko ɗaya, abin da a wancan zamani ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Amma wurin da ya fi tsaya wa ɗan Najeriya a rai a fim ɗin Black Panther na 2018, inda Killmonger yake tsaye a gidan tarihi a Landan yana tambayar ma'aikaciyar wurin daga ina kayan nan suka zo, tana ce masa wannan na mutanen Edo ne na Benin, shi kuma ya tambaye ta ko kakanninta sayen su suka yi da farashinsu ko ƙwacewa suka yi, wannan wurin ba na McGregor ba ne, na Ryan Coogler ne da Joe Robert Cole da suka rubuta fim ɗin. Kuma ya taɓa mu ne don abu ne da ya faru, sojojin Birtaniya sun shiga birnin Benin a 1897 sun kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, har yau ɗaruruwansu suna gidan tarihin Birtaniya, Jamus ce ta kawo wasu Abuja a ƙarshen 2022. Don haka na yarda, hannu da yawa ne suka gina bos ɗin nan.

To amma daidai nan hujjar take juyowa ta cije su. Hannayen da suka yi aikin fim ai an biya su yadda ya kamata. Marubutan fim da 'yan wasa a Hollywood suna da ƙungiya mai haƙori, duk lokacin da aka sake haska fim ko aka sayar da shi akwai kason da yake shigo musu, a 2023 ma marubutan sai da suka yi yajin aiki na kwana 148 a kan irin wannan hakki. Marubutan komik ba su da ƙungiya irin wannan, kowa tasa ta fisshe shi. Shi ya sa Ed Brubaker, wanda shi da Steve Epting suka ƙirƙiri Winter Soldier a 2005, ya fito a 2021 ya ce abin da yake samu saboda ɗan leƙowar da ya yi a fim ɗin Captain America: The Winter Soldier na 2014, yana tsaye a matsayin ɗaya daga cikin masu binciken kimiyya, ya fi abin da ya samu na ƙirƙirar wanda aka sa wa fim ɗin sunansa. A shekarar ce jaridar Guardian ta ruwaito cewa abin da Marvel ta saba ba irin waɗannan mutane shi ne cek na dala 5,000 da katin gayyatar bikin buɗe fim. Wallahi in ka ajiye dala 5,000 kusa da biliyan 1 ka duba, babu yarjejeniyar da za ta sa abin ya yi kyan gani.

Kuma kar wani ya ce ba zai yiwu a gyara ba don lissafin yana da wuya. DC ta gwada a zamanin shugabanninta Jenette Kahn da Paul Levitz, suka tsara cewa wanda ya ƙirƙiri sabon suna yana da kaso in aka yi amfani da shi a fim ko kayan wasan yara, wannan tsarin ne ya kai wa Starlin kuɗin KGBeast, shi ne kuma ya sa Len Wein ya taɓa cewa ya fi samun kuɗi a kan Lucius Fox, wanda Morgan Freeman ya fito a matsayinsa a finafinan Batman, a kan abin da ya samu daga Wolverine wanda duniya kaf ta sani. DC ba ta talauce ba saboda haka. Ita kuwa Marvel da Disney ta saya a 2009 kan kusan dala biliyan 4, sai a 2014 ta sasanta da iyalan Jack Kirby, shekara 20 bayan rasuwarsa, kwanaki kaɗan kafin kotun ƙolin Amurka ta zauna ta duba ko za ta saurari ƙarar. Kullum sai an kai bango.

Abin da mu 'yan kallo ba ma lura da shi shi ne mu ma abin yana cin mu. Tun 1992 da su Todd McFarlane, wanda yana cikin waɗanda suka fito da Venom, da Jim Lee da wasu manyan masu zane suka fice daga Marvel suka kafa Image inda kowa shi ke da abin da ya ƙirƙira, marubuci mai wayo ya koyi darasi, in ya samu tunanin bos mai kyau ba zai kai wa Marvel ko DC su biya shi kuɗin shafi ba, zai ɓoye abinsa ya kai inda zai mallake shi. Sai kamfanonin suka koma juya tsohon kaya, Joker yau Joker gobe, a dawo da Green Goblin da Doctor Octopus na Stan Lee da Steve Ditko waɗanda tun farkon shekarun 1960 suke, a 2024 kuma babban abin da Marvel ta yi talla da shi shi ne Robert Downey Jr., wanda ya fito a Iron Man, zai dawo a matsayin Doctor Doom, bos ɗin da Lee da Kirby suka fito da shi a 1962.

Ni abin da nake so a yi ba wani mai yawa ba ne. A yanka wa wanda ya ƙirƙiri bos da wanda ya sake masa fasali irin Claremont kaso tsayayye a rubuce, ko da ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne na abin da fim ya tara, ya riƙa shiga hannunsu ko hannun iyalansu ba sai sun je Facebook sun yi kuka ba, sannan a ɗauko sunayensu daga can ƙasan jerin godiya inda ake sa su bayan kowa ya tashi ya fita, a kawo su farkon fim kusa da na darakta.