Wa ya biya kuɗin jirgin wasiƙa?

Na gaji da maganar nan da ake yi mana duk lokacin da kayanmu suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas: wai a zamanin Turawa jirgin wasiƙa ba ya saɓa rana, wai har agogo ake saitawa da isowarsa. To, mun ji, ya iso a kan lokaci. Wa ya biya kuɗin? Kuma wuyan wa aka taka kafin ya iso?

A 1852 wani Bature mai suna Macgregor Laird ya kafa African Steam Ship Company, gwamnatin Birtaniya ta ba shi kwangilar shekara goma ya riƙa kai wasiƙu gaɓar Afirka ta Yamma sau ɗaya a wata, tana biyansa sama da fam 20,000 a shekara. Buhunan wasiƙa ba sa cika ko lungu ɗaya na jirgi. Sauran cikin jirgin manja ne da atamfa da barasa, kuma kuɗin dakonsu aljihun kamfani yake shiga. Wato an riga an biya masa gawayin tafiya da kuɗin jama'a, ribar kuma tasa ce shi kaɗai. Wane mai jirgi ne zai yi gasa da wanda aka biya wa kuɗin hanya tun kafin ya ɗaga anka? Ko a Ingila sai da aka yi ta cacar baki a majalisa kan irin waɗannan kwangiloli, ana tambayar ko wasiƙa ake biya wa kuɗin ko masu hannun jari.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Wani Bature, Alfred Jones, ya karɓe ragamar kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster a 1884, ya haɗa manyan layukan jiragen Ingila biyu da ke zuwa gaɓarmu a hannunsa. A 1894 ya kafa Bank of British West Africa, bankin da ta hannunsa ake shigo da kuɗin azurfa Legas. A 1895 ya haɗa baki da kamfanin Woermann na Jamus suka tsaida farashin dako ɗaya. Sannan suka ɗana tarko. Za a caje ka kuɗin dako, a ce za a mayar maka da kashi goma cikin ɗari, amma sai ka yi wata shida ba ka ɗora ko buhu ɗaya a jirgin wani ba, sannan ka sake jiran wasu wata shida kana biyayya. Ranar da ka ga jirgi mai sauƙi ka saka fatunka a ciki, duk abin da suka riƙe maka ya tafi. Kuɗinka ne, guminka ne, amma da shi aka ɗaure ka. Har Turawa 'yan kasuwa irin su John Holt sai da suka yi kuka. Aka kafa kwamitin bincike a Landan a 1906, ya zauna har 1909, ya tashi bai haramta tsarin ba.

Kada wani ya ce mini wannan matsalar mutanen bakin teku ce. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta fara tafiya kudu gadan-gadan a 1912, ga fatun jar akuyar Sakkwato, ga auduga. Duk sisin da aka ƙara a kuɗin jirgi, kamfanin da ke saye ba daga ribarsa yake cirewa ba. A bakin sikeli yake cirewa, daga hannun manomin da bai taɓa ganin teku ba, bai kuma taɓa aika wasiƙa Liverpool ba. Shi ya sa a taron Accra na 1920 shugabannin ƙungiyar 'yan kishin ƙasa ta National Congress of British West Africa suka koka cewa ɗan kasuwa baƙar fata ba ya samun gurbi a jiragen Ingila, har suka yi maraba da Black Star Line, kamfanin jiragen ruwa na Marcus Garvey mai fafutukar 'yancin baƙar fata, don kawai a samu mai gasa.

A Jamaika ma an yi irinta. A 1901 aka ba Jones fam 40,000 a shekara, rabi daga baitulmalin Birtaniya rabi daga na Jamaika, ya riƙa kai wasiƙu da ayaba Bristol, wai don a ƙwato manoma daga hannun kamfanin United Fruit na Amurka. Ba a je ko'ina ba United Fruit ya sayi hannun jari a kamfanin ayabar da aka kafa saboda wannan ciniki. Talaka ya biya haraji an ƙarfafa wanda aka ce za a raba shi da shi.

Yanzu ku dubi halin da muke ciki. Ni zoɓo da riɗi nake fitarwa, wani lokaci in shigo da kaya. Takardar kuɗin da wakilin kamfanin jirgi ke miƙo mini, kuɗin dakon kansa layi ɗaya ne. Ƙarƙashinsa sai jerin gwano: kuɗin cunkoso, kuɗin takarda, kuɗin tsabtace kwantena, kuɗin jinkiri, wasu da dala. Jinkirin ba ni na jawo shi ba. Mota ta ɗauko kwantenar da babu komai a ciki za ta mayar musu, suka ce ba su da wurin ajiyewa, direba ya kwana a layi yana kirana, su kuma suna lissafa mini kowace rana. Ga kuma kuɗin ajiya da suke karɓa kafin su saki kwantena, wai amana ce za a mayar. Ka mayar da kwantenarsu lafiya, ka yi ta sintiri wata da watanni, a ce maka "Alhaji, ka ƙara haƙuri, takardarka na kan tebur", ƙarshe a miƙo maka abin da ya rage bayan an yayyanke. Ku gaya mini bambancin wannan da tarkon 1895. Jarina yana kwance a asusunsu suna juyawa, ni ina cin bashi in biya manoma.

Mun taɓa yin namu jiragen. An kafa Nigerian National Shipping Line a 1959, kuma abin takaici Elder Dempster da Palm Line na cikin masu hannun jari a farko, sannan ya shiga ƙungiyar masu tsaida farashin nan maimakon ya karya ta. A 1995 aka rushe shi. Tun daga nan kwantenarmu sai a jirgin wani, da farashin da ya ga dama.

Don haka masu kewar Aureol, jirgin wasiƙa da fasinja na Elder Dempster da ya daina zuwa Legas a 1974, ku yi kewarku, amma ku daina yi mini wa'azi da shi. Abin da nake nema ƙarami ne: a sa doka ta tsaida wa'adin mayar da kuɗin ajiya, wanda ya wuce shi ya biya tara, kuma a daina caje mu jinkirin da ba mu muka jawo ba. In ba haka ba, bana ma dole in rage farashin da zan ba masu zoɓo a Maigatari, kuma ni ne zan tsaya gabansu in faɗa musu, ba mai jirgin ba.