Bitamin kaɗai ba ya warkar da mutuwar jijiyoyin ƙafa

Wani rahoto da na karanta ya ce ƙwayoyin bitamin B na warkar da zugi da mutuwar tafin ƙafa, amma maganar ba ta cika ba. Bitamin yana aiki ne idan ƙarancinsa ne sila, kamar mai shan metformin, maganin ciwon suga, shekara da shekaru da bitamin B12 ɗinsa ya yi ƙasa, ko mai shan isoniazid, maganin tarin fuka da ke rage bitamin B6, shi ya sa ake haɗa masa da B6. Mahaifiyata ciwon suga ne ya cinye mata jijiyoyi. Da dare ƙafarta kamar an shafa barkono, da rana kuwa ko ƙaya ta taka ba ta ji. Mun ɓata wata 8 muna ta maganin sanyi kafin a auna jininta. Magungunan amitriptyline da pregabalin suna rage zugin kawai, daidaita suga ne ke hana abin ci gaba. Wani ɗan'uwa kuma ya ce a gasa ƙafa da ruwan zafi; ɗan'uwa, don Allah kar ka ƙara ba da wannan shawara, ƙafar da ba ta ji ƙonewa take yi, ƙaramin gyambo ya kai ga yankewa. Me ya hana marubucin rahoton faɗa wa mutane su riƙa duba tafin ƙafarsu kullum, su daina yawo ba takalmi?