Ban raina tsarabar Makka ba, ƙirjina ne ba ya ɗaukar salfayit

Abin da ya faru a gidan Gwaggo ranar Asabar bai isa a yi musu a kansa ba, amma tun da wasu daga cikin waɗanda suke wurin sun ɗauki maganar sun yi ta yawo da ita, har ta iso kunnen mahaifiyata da sunan wai na raina tsarabar Umara, to ni ma zan faɗi nawa. Ban raina tsarabar kowa ba. Na sha zamzam, na ci dabino har ƙwaya biyar, na karɓi carbi da hannu biyu. Abin da na ƙi kaiwa bakina shi ne zabibin nan mai ruwan zinare da busasshen mishmish (ɗan itacen da Turawa ke kira apricot) mai launin lemo da aka haɗa a faranti ɗaya, domin ina fama da asma tun ina 'yar shekara tara, kuma na san abin da waɗannan biyun suke yi wa ƙirjina.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki ne zai cutar da ke?" Na ce, "Gwaggo, Allah ya karɓi ibada, salfayit, wato maganin hana lalacewa da ake turara shi da shi, shi ne jikina ba ya so." Ta yi shiru, ta turo mini farantin dabino, magana ta ƙare tsakanina da ita. Wanda ya ɓata mini rai shi ne ɗan'uwanmu da ya yi karatu a waje, wanda ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce shi ya san salfayit sarai, a giyar inabi ake zuba shi, a jikin kwalbarta ake rubuta shi, saboda haka mu da ba ma shan giya babu abin da ya haɗa mu da shi, abin da nake yi iyayi ne kawai. Aka yi dariya, ni kuwa na haɗiye fushina saboda girman gidan.

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma rabin ne ya sa ta fi haɗari. Masu yin giyar inabi suna amfani da salfayit don kada ta lalace, kuma doka ta tilasta musu rubuta hakan a jikin kwalba, a Amurka tun wajen 1987, a Tarayyar Turai tun 2005. Wannan rubutun ne ya sa sunan ya manne wa giya a zukatan mutane, har masu shanta a can suke ɗora wa salfayit laifin duk ciwon kan da suka tashi da shi. Abin da ɗan'uwan namu bai sani ba shi ne adadin. A dokar Tarayyar Turai, iyakar abin da aka yarda a samu a jar giya marar zaƙi miligiram 150 ne a lita ɗaya, a fara kuwa 200. A busasshen mishmish da zabibi, iyakar ta kai miligiram 2,000 a kilo ɗaya, wato ninki goma. Ke nan abin da ke cikin farantin Gwaggo, wanda halal ne tsantsa, yana iya ɗauke da salfayit fiye da abin da ke cikin kwalbar da yake ba ni misali da ita.

Yadda ake yin abin ma ba ɓoyayye ba ne. Kaso mai yawa na busasshen mishmish da ke yawo a kasuwannin duniya daga Turkiyya yake fitowa, musamman yankin Malatya, inda ake jera 'ya'yan itacen a ɗaki, a ƙona farar wuta, a rufe ƙofa har hayaƙin ya ratsa su, sannan a shanya su a rana. Wannan hayaƙin ne yake hana su yin duhu, yake kuma hana su ruɓewa. Mishmish da aka shanya ba tare da turarawa ba launin ƙasa yake komawa, kamar dabino, haka ma zabibi. Duk lokacin da na ga busasshen ɗan itace yana sheƙi kamar yanzu aka tsinko shi, na san abin da ya riƙe masa launi. Farar wutar nan dai da muka sani a wurin masu magani ce, wadda duk wanda ya taɓa shaƙar hayaƙinta ya san yadda take shaƙe maƙoshi.

Karon farko da abin ya same ni, a ɗakin kwanan ɗalibai ne, wata ƙawata ta ba ni mishmish guda huɗu bayan la'asar. Ban gama tauna na uku ba na ji maƙogwarona yana ƙaiƙayi, kafin minti goma numfashina ya fara fito kamar ana busa sarewa, na durƙusa a bakin gado ina lalubar abin shaƙata a cikin jaka hannuna yana rawa. Daren nan a asibiti na kwana. Likitan da ya duba ni ne ya fara gaya mini sunan salfayit, ya bayyana mini cewa idan ya haɗu da yawu da ruwan ciki yana sakin iskar da take tsuke hanyoyin numfashi ga wanda huhunsa ke da saurin harzuƙa. Binciken likitoci ya nuna cewa tsakanin kashi 3 zuwa 10 cikin ɗari na masu asma ne abin yake taɓawa. Ba mu da yawa, na yarda, amma ƙarancinmu bai mai da mu maƙaryata ba.

An ce mini ai kowa a falon ya ci babu abin da ya same shi. Haka ne, kuma ina yi musu murna. Kowa a gidanmu yana shan rake, amma babu wanda yake tilasta wa Kawu mai ciwon suga ya sha don a gane ko da gaske yake. An ce mini ai kakanninmu ba su san waɗannan abubuwan ba, sun kuma yi tsawon rai. Kakanninmu magarya da goruba da kanya da aya suka ci, waɗanda rana kaɗai ta busar da su. Wanda yake ganin tsirfa ce ta 'yan boko ya sani cewa a 1986 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana fesa salfayit a kan ɗanyen ganye da 'ya'yan itacen da ake ci ba dahuwa, bayan an samu rahotannin mutanen da suka rasa rayukansu. A Turai yana cikin abubuwa 14 da dole a bayyana a jikin abinci, da zarar ya wuce miligiram 10 a kilo. Hukumomi ba sa kafa doka a kan iyayi.

Abin da ya fi damuna shi ne a wurinmu ko takardar bayanin abin da ke cikin abinci ba ta isowa hannun mai ci. Ana shigo da kayan a kwali, a farke, a ƙulla a ƙananan ledoji, kwalin da ke ɗauke da bayanin kuwa a jefar. Mai asma ba shi da abin dubawa sai launi da kuma abin da jikinsa ya taɓa gaya masa. Idan aka yi sa'a kayan yana cikin ledarsa ta asali, a duba lambobin da suka fara daga E220 zuwa E228, duk dangin salfayit ne, kuma ana samun su har a ruwan lemon tsami na kwalba da wasu kayan gwangwani. Idan baƙo ya ce wani abinci yana cutar da shi, a ɗauke farantin a kawo masa wani, kada a tsaya yi masa tambayoyi a gaban mutane. Ni gyaɗa ce abin da na fi so a duniya, kullum akwai kwalbarta a teburina, amma ranar da wata abokiyar aikina ta ce tana kumbura mata fuska, ban ce ta ɗanɗana in gani ba, na mayar da kwalbar cikin jaka.

Kada kuma wani ya tausaya mini cewa an hana ni daɗin duniya. Ina da gyaɗa mai gishiri wadda aka soya a yashi, ina da ƙuli-ƙuli mai yaji, da dakuwa, da kantu, da dabinon da Gwaggo ta ƙulla mini a leda da zan tafi. Sai aya, wadda nake jiƙawa tun dare in wayi gari ta yi taushi. Kunun aya ne kawai na daina saye a hanya. Duk wadda ta taɓa yin sa a gida ta san cewa idan babu sanyi ba ya kai yamma bai yi tsami ba, don haka idan na ga wanda ya wuni a rana cikin gora ba tare da ya canza ba, kuma babu ko layi ɗaya na rubutu a jikin gorar, sai in yi zargin an zuba masa maganin hana lalacewa, in wuce in je gida in markaɗa nawa da dabino da kwakwa da 'yar citta.