Zoben Zuhal bai je ko'ina ba

Wallahi abin nan ya isa haka. Hoton nan na duniyar Zuhal babu zobe ya sake dawowa, duk zauren WhatsApp da ka leƙa yana can, an rubuta a ƙasansa wai zoben ya ɓace, masana sun ruɗe. Wasu har sun fara lissafa shi cikin alamomin tashin duniya. Jama'a, babu masanin da ya ruɗe. Zoben yana nan daram. Abin da ya sauya shi ne ta inda muke hango shi.

Zuhal a karkace yake, kusan digiri 27, zoben kuma a ƙugunsa yake ɗaure. Yana ɗaukar kusan shekara 29 da rabi kafin ya zagaye rana sau ɗaya. A wani ɓangare na tafiyar saman zoben muke gani, a ɗaya ɓangaren ƙasansa. Sau biyu a kowane zagaye duniyarmu takan zo daidai da bakin zoben. Haka aka yi ranar 23 ga Maris 2025, haka aka yi a 2009, haka a 1995 zuwa 1996, kuma idan Allah ya kai mu za a sake tsakanin 2038 da 2039. Tun shekaru da yawa aka lissafa waɗannan ranaku aka ajiye.

Faɗin manyan zobban daga gefe zuwa gefe ya haura kilomita 270,000, amma kaurinsu a wurare da yawa bai wuce mita 10 ba. Ɗauki faifai ka miƙa hannu, ka juya shi har bakinsa ya fuskanci idonka, siririn layi kawai za ka gani. To balle abin da ke nesa da mu fiye da kilomita biliyan 1.2. Kuma ga abin da ya tona asirin hoton: a Maris ɗin 2025 Zuhal yana dab da rana a sararin sama, da ƙyar ma ake hango shi. A hotunan gaskiya na irin wannan lokaci za ka ga baƙin layi siriri ya ratsa tsakiyar duniyar. Wanda ake yaɗawa tas yake, goge zoben aka yi da kwamfuta.

Ko Galileo, masanin taurarin nan na Italiya, abin ya taɓa ɗaure masa kai. A 1610 ya ga wasu abubuwa biyu a gefen Zuhal, a 1612 ya neme su ya rasa. Sai a 1659 wani masanin taurari, Huygens, ya bayyana cewa zobe ne siriri da ke kewaye da duniyar bai taɓa jikinta ba. Maganar da aka warware sama da shekara 360 ita ce yau ake tsorata iyayenmu mata da ita.

Na san za a ce ai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ita ce da kanta ta faɗa. Abin da binciken 2018 ya nuna shi ne ƙanƙarar zoben tana zubowa cikin Zuhal a hankali, kuma idan haka ta ɗore zai iya ƙarewa cikin shekara miliyan 100 zuwa 300. Miliyan! Me ya haɗa wannan da watan Maris? Masu cewa "to kai ka je can ka gani ne?" kuwa, ba sai an je ba. Daga tsakar gida ake gani.

Madubin hangen nesa mai faɗin baki milimita 70 ya isa. Ka raba tsawon haskensa (focal length, lambar milimita da ake rubutawa a jikin madubin) da lambar da ke jikin gilashin da ake kafa ido, shi ne yawan girman da zai ba ka: 700 a raba da 20, ninki 35 ke nan, kuma a nan ma zoben yana fitowa idan a buɗe yake. Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Iyakar girma mai amfani kusan ninki biyu ne na faɗin bakin, wato wajen 140 ga madubin milimita 70. Duk wanda ya ce maka 500, dishi-dishi kawai zai sayar maka. Da rana za ka saita ɗan ƙaramin madubin nema da ke manne a jikin babban a kan wani dogon ƙarfen sabis mai nisa, kuma kada ka kuskura ka juya shi wajen rana. Da dare ka fara da ƙaramin girma, sai ka kama duniyar a tsakiya sannan ka ƙara. Ƙafafun madubin su tsaya ƙyam, don ko ɗan girgiza ya isa ya ɓata komai. Kada ka hango ta saman rufin kwano da ya sha rana, zafin da ke tashi zai sa hoton ya riƙa rawa. Ka jira Zuhal ya ɗaga sama sosai, ka kuma haƙura da daren hazo. Yana zamewa daga gilashin cikin minti ɗaya ko biyu, juyawar duniyarmu ce, sai ka riƙa bin sa a hankali. Ɗigon haske da za ka gani kusa da shi galibi Titan ne, babban watansa, mai zagaye shi cikin kwana 16.

Zoben yana ta buɗewa shekara bayan shekara, zai kai ƙarshen buɗewa wajen 2032. Ina roƙonku don Allah, wanda ya tura hoton ya koma zauren ya gyara.

Kuma fa ba Zuhal kaɗai ke da zobe ba. An gano na Yuranus a 1977 lokacin da ya gifta gaban wani tauraro, aka ga hasken yana ƙyaftawa kafin da bayan giftawar. Kumbon Voyager 1 ya gano na Mushtari a 1979, Voyager 2 ya tabbatar da na Neptun a 1989. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Enceladus, ɗan watan Zuhal mai faɗin kilomita 500 kacal. A 2005 kumbon Cassini ya gan shi yana feso tururi da ƙanƙara daga tsage-tsagen kudancinsa, daga wani teku da ke ƙarƙashin ƙanƙarar, kuma wannan feshin ne ke ciyar da ɗaya daga cikin zobban waje na Zuhal. Har yau ban ga wanda ya tura wannan a zaure ba.