Duk abin da ya fito daga burauza, a sake duba shi a sabar

'Yan uwa masu koyon gina manhajar yanar gizo, akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani a ayyukan da ake nuna mini, kuma tana damuna ƙwarai. Mutum zai tsara fom mai kyau, ya sa wa kowane gurbi required a HTML, ya ƙara JavaScript da ke nuna jan rubutu idan imel bai cika ba, sai ya ce ya gama tantancewa. Wallahi ko farawa bai yi ba.

Duk abin da ke gudana a burauza a hannun mai amfani yake. Ya danna F12 ya buɗe HTML ɗin shafin a burauza, ya goge kalmar required, fom ya tafi fayau. Ko ma ya ajiye burauzar gefe, ya tura buƙatar POST da curl, manhajar aika buƙatu ba tare da burauza ba, kai tsaye zuwa sabar, JavaScript ɗinka bai ma san an zo ba. Binciken burauza yana da amfaninsa, yana taimakon mutumin kirki ya ga kuskurensa kafin ya aika. Amma gadin gaskiya a sabar ake yin sa.

Abin takaicin shi ne an riga an yi mana wannan aikin. Django, tsarin gina manhajar yanar gizo da Python, wanda ya fito tun 2005, yana ba ka ajin fom: ka kira is_valid, idan ya wuce ka ɗauki bayanan daga cleaned_data, inda lamba ta zama lamba, kwanan wata ya zama kwanan wata. A Laravel kuwa, takwaransa na PHP, validate ne, idan bayanai ba su cika ba ya mayar da mutum shafin da saƙon kuskure, ko ya amsa da lambar kuskure 422 idan JSON aka nema. Duk da haka sai ka tarar an ɗebo daga request.POST an zuba a rumbun bayanai, wai don sauri.

Wanda aka fi mantawa da shi kuma shi ne adireshin kansa. Da yawa suna ɗaukan tsara hanyoyin URL a matsayin shirya shafuka kawai, alhali lambar da ke cikin adireshi ita ma baƙo ne ya turo ta, daidai da abin da ya rubuta a fom. Ɗauki /rasit/41/. Tun Django 2.0 a 2017, idan ka rubuta hanyar da <int:id>, duk wanda ya sa haruffa a gurbin zai sami 404. Madalla. Sai dai iyakar abin da hanyar ta sani ke nan, cewa 41 lamba ce. Ba ta san ko rasit ɗin na wanda ya nema ba ne. Mai amfani ya mayar da ita 42, ga suna da adireshin wani a gabansa. Cewa sai ya shiga da kalmar sirri ba ta warware komai ba, ai da asusunsa na halal ya shiga. Maganin layi ɗaya ne: lokacin nemo rasit ɗin da get_object_or_404, a haɗa da sharaɗin cewa mai shi shi ne request.user. Ba a banza OWASP, ƙungiyar tsaron manhajojin yanar gizo, ta ɗora irin wannan sakaci na izini a matsayi na ɗaya a jerinta na manyan haɗurra na 2021 ba, har ya wuce cusa SQL da sauran danginsa, waɗanda suka koma na uku.

Sannan don Allah a daina goge abu ta GET. Mahaɗi irin /rasit/41/goge/ da ke aiki da dannawa ɗaya haɗari ne, domin kariyar CSRF ta Django, mai hana wani shafi aika buƙata da sunan mai amfani, ba ta duba buƙatun GET, ta ɗauka ba sa canza komai. Wani shafi can zai iya ɓoye wannan adireshin ya ja mai amfani ya buɗe shi bai sani ba. Gogewa da gyara su bi ta POST, da csrf_token a cikin fom ɗin, kuma a can ma a sake tambaya ko rasit ɗin nasa ne kafin a taɓa shi.